Lissafin Om: Abin da Ke Ƙona Amfilifaya a Motocin Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san kunne ne ke riga ido isa. Tun kafin a hango kara, inda shanu da raƙuma da tumakin da aka koro daga Damagaram da sauran sassan Nijar ke jiran dillalai, za a ji lasifikar mai maganin gargajiya da aka ɗaure bisa rufin mota tana jero sunayen cututtuka. Can gefe ga mai tura wa'azi da waƙoƙi a waya ya saki tasa, ga kuma motocin haya da suka kwaso mutane daga Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, kowace da irin sautin da direbanta ya ga dama. In kakar siyasa ce ko ta bukukuwa, sai abin ya ninka. Sauti a nan hanyar abinci ce, don mai tallan da muryarsa ba ta kai ƙarshen rumfuna ba ya yi asarar yini. Sai dai akwai kukan da ba ya ƙarewa a bakin masu waɗannan motoci, wato amfilifaya ta ƙone, ko ta ɗauke ana tsakar ciniki. Direba ya ce kayan zamani jabu ne, mai wayarin ya ce zafin bazara ne, mai shago ya ɗora wa batir. Kowannensu ya taɓo gefen gaskiya. Amma a ganina babban mai laifi wata 'yar lamba ce da ke rubuce a bayan kowace sifika, 4 ko 8 ko 16, kusa da wata alama mai kama da ƙofar zaure, wadda ba kasafai ake tsayawa a duba ta ba. Wannan lamba ita ce om, kuma yawancin amfilifayar da ke mutuwa da sauran kwananta ta mutu ne saboda an rataya mata sifikun da jimillar om ɗinsu ta faɗi ƙasa da abin da aka ƙera ta ta ɗauka.

An samo kalmar daga sunan Georg Ohm, malamin makaranta Bajamushe wanda a 1827 ya wallafa dangantakar abubuwa uku da ke cikin kowace wayar lantarki. Akwai ƙarfin da ke tura wuta, wanda ake aunawa da bolt. Akwai yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya. Akwai kuma turjiyar da hanya ke yi wa wutar, wadda ake aunawa da om. A ɗauki tankin burtsatse da ke bisa ƙafafun ƙarfe a tsakiyar gari: tsawonsa daga ƙasa shi ne bolt, ruwan da ke zuba shi ne amfiya, ƙuncin bututu kuwa shi ne om. In an raba bolt da om, amsar ita ce amfiya. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin hankali ya saba cewa ƙaramar lamba ita ce ƙaramin kaya. A lantarki abin a juye yake. Sifika mai om 2 bututu ce mai faɗi, tana zuƙar wuta ninki biyu na mai om 4, saboda haka ita ce ta fi nauyi a wuyan amfilifaya. Ita sifikar kanta ba wani abin asiri ba ce. Kwayil ne na siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa a cikin maganadisu, yana tura takarda gaba da baya, tsarin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana a 1925 kuma har yau a kansa ake. Da yake wutar sauti kai-komo take yi, turjiyar kwayil ɗin ba ta tsayawa wuri ɗaya, takan hau ta sauka gwargwadon kauri ko sirantar muryar da ke wucewa. Wannan turjiya mai sauyawa ce Baturen Ingila Oliver Heaviside ya raɗa wa sunan da masana ke kira da shi, imfidans, a 1886. Lambar da ke bayan sifika ƙiyasi ce kawai na inda turjiyar ta fi zama ƙasa, shi ya sa mitar mai gyara kan nuna uku da ɗoriya a kan sifika mai om 4, ko wajen shida a kan mai om 8, ba tare da komai ya lalace ba.

Tambayar da ta biyo baya ita ce me ya sa sifikar mota take om 4, alhali ta ɗaki sau da yawa om 8 ce. Amsar tana cikin batir. Tun da Paul Galvin ya fito da rediyon mota mai suna Motorola a Amurka a 1930, masu ƙera kayan sauti na mota ke fama da ƙarancin bolt. Motocin wancan zamani bolt 6 suke da shi, sai a shekarun 1950 aka koma 12, kuma ko yau in inji na aiki abin da ake samu bai wuce 14 da ɗoriya ba. Ƙarfin da ke isa sifika, wanda ake aunawa da wat, ana samun sa ne in an ninka bolt da kansa sannan a raba da om. Rediyon gaban mota, komai kyansa, bolt kusan 10 na aiki kaɗai zai iya miƙa wa sifika daga cikin 14 ɗin nan. Goma sau goma ɗari, a raba da 4, an sami wat 25, kuma a aikace ba ya ma kaiwa nan in ana son sauti mai tsabta, wajen 20 yake tsayawa ko ƙasa. Da sifikar om 8 ce, da rabin haka za a samu. Wannan ne dalilin zaɓen 4. Daga nan mai karatu zai gane cewa wat 50 sau huɗu da ake bugawa a fuskar rediyon mota lissafin ƙiftawar ido ne da muryar da ta riga ta dagule. Amfilifayar da ake ajiyewa a but ko ƙarƙashin kujera ta bambanta, domin tana da sashen da ke ɗaga bolt 12 ɗin zuwa 25 ko 35 ko sama kafin ta tura wa sifika. Amma ita ma tana da iyaka, kuma iyakar a rubuce take a jikinta ko a takardarta: mafi ƙarancin om da kowane layi, wato kowace mafitar sifika, zai ɗauka.

Ba wanda ke tashi da niyyar ƙona kayansa. Ɓarnar a hankali take shigowa. An sayi amfilifaya da sifika biyu, komai lafiya. Bayan wata biyu an sami wata ufa, wato babbar sifikar kaurin sauti, da araha wurin wanda zai sayar da motarsa, sai a murɗa wayoyinta a kan na farko, ja a kan ja, baƙa a kan baƙa, tunda haka ya fi sauƙi kuma nan take sautin ke ƙaruwa. Wannan shi ne haɗin da masu gyara ke kira faralel, bari mu ce haɗin tagwaye. Kamar a buɗe wa garke ƙofa ta biyu ne a gefen ta farko, dabbobin da ke fita a lokaci guda sai su ninka. Sifika biyu masu om 4 a haɗin tagwaye sun zama om 2, uku sun zama ɗaya da sulusi, huɗu sun zama 1. Ɗaya haɗin, wanda suke kira siris, mu ce haɗin sarƙa, shi ne wuta ta bi ta cikin sifika ta farko ta fita ta shiga ta biyu, kamar ƙofa a bayan ƙofa, kuma a nan tarawa ake yi, 4 da 4 su ba da 8. Yanzu a ɗauki amfilifaya mai bayar da wat 100 na gaskiya a kan om 4. Tana tura bolt 20 ke nan, wutar da ke bi ta cikinta amfiya 5. In aka saukar da kayan zuwa om 2, bolt ɗin na nan a 20, amma ana neman amfiya 10 daga gare ta. A om 1 ana neman 20. Zafin da taransistocinta ke haɗiya yakan ninka duk lokacin da aka raba om biyu, wanda ke tashi a wayoyi da naɗin taransifomarta kuwa ninki huɗu yake yi, domin shi yana bin amfiya ne sau kanta. Akwai kuma tarkon da ya fi kama ƙwararru, wato haɗin gada, wanda ake kira burij, inda ake haɗa layi biyu su tura ufa ɗaya. A wannan haɗi kowane layi rabin om ɗin yake gani. Ufa mai om 4 a kan gada daidai take da om 2 ga kowane layi, wanda yawancin amfilifaya za su jure. Ufa biyu a haɗin tagwaye a kan gadar kuwa om 1 ne ga kowane layi, kuma kaɗan ne aka ƙera don haka. Ga ufa mai kwayil biyu, mai bakin waya huɗu, lissafin iri ɗaya ne: in kowane kwayil 4 ne, za ta zama 2 ko 8, ba za ta taɓa zama 4 ba, sai dai in an bar kwayil ɗaya a banza.

Masu ɗora laifi a kan zafin gari ba su yi ƙarya ba, sai dai sun ɗauki abokin laifi sun mai da shi uban tafiya. Amfilifaya ba ta da wata hanyar sanyaya kanta face haƙarƙarin alminiyum da ke jikinta, wanda ke miƙa zafi ga iskar da ke kewaye. Taransistocin da ke ciki galibi ba sa jure wuce digiri 150 a can cikin ƙwayarsu. Abin da ke tsakanin wannan iyaka da zafin iskar wurin shi ne duk filin da take da shi na yin aiki. A arewacin Jigawa, watannin Afrilu da Mayu, ma'auni kan haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe aka bari a rana kuwa cikinta na iya wuce 60. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin, ga buhunan gero ko riɗi da ake jibgawa a but a kan na'urar. Wato amfilifayar da aka gwada a ɗakin gwaji mai sanyi ta iso Gagarawa an riga an cinye wani babban yanki na filinta tun ba a kunna ta ba. Ma'anar wannan a wurina ɗaya ce: in takarda ta ce om 2 ne ƙarshen juriyarta, mutumin wannan yanki ya ɗauki 2 ɗin a matsayin bakin rijiya, ya zauna a 4. Zafin gari ba shi da makunni, om kuwa a hannun mai haɗa waya yake.

Za a ce, to ai akwai amfilifaya ta zamani, irin wadda ake kira aji D, da aka rubuta mata ƙarara cewa tana ɗaukar om 1, kuma a nan take bayar da cikakken ƙarfinta. Wanda ya biya kuɗin wat dubu, don me zai zauna yana cin sulusinsa? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma gaskiya ne irin wannan na'ura ba ta ɓarnar wuta kamar tsohuwar aji AB, tunda takan mai da kashi 80 ko fiye cikin ɗari na abin da ta ja ya zama aiki, inda tsohuwar ke tsayawa wajen kashi 60 ko a ranar sa'arta. Amma a tambayi kunne abin da ya samu. Ninka wat biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙarar sauti, ƙarin da ake ji amma ba ya sa kowa ya waiwayo. Kafin mai sauraro ya ce sauti ya ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma. A ɗaya gefen kuma a duba kuɗin da aka biya. Amfilifayar aji AB da ke fitar da wat 500 na gaskiya tana jan wajen amfiya 60 daga batir a lokacin da take kan ganiyarta, alhali altanetar ƙananan motoci irin su Golf da ke jigila tsakanin Gumel da Kano sau da yawa tsakanin 70 da 90 take bayarwa, kuma daga nan fitilu da fanka da sauran kayan mota ke ci. Mai talla ma da ya kashe inji ya tsaya a kasuwa, batir kaɗai yake tatsa. Sannan ga waya. In wayar sifika da mahaɗanta suna da turjiyar kashi ɗaya cikin biyar na om, wanda ba abin mamaki ba ne ga siririyar waya ko wadda cikinta alminiyum ne aka shafe da jan ƙarfe, to a kan om 4 abin da ke salwanta bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, a kan om 1 kuwa sudusin ƙarfin gaba ɗaya ne ke ƙarewa wajen ɗumama waya. Om 1 halas ne ga wanda ya sayi na'urar da aka yi dominsa, ya ƙara kaurin waya, ya ƙara batir ko altaneta, ya kuma ba ta iska. Wanda bai yi waɗannan ba ya sayi desibel kaɗan da farashin batir da amfilifaya.

In ana neman ƙara, wurin nemanta ita ce sifikar, ba matse amfilifaya ba. Ufa huɗu masu om 4, in aka haɗa bibbiyu a sarƙa sannan aka haɗa sarƙoƙin biyu a tagwaye, jimilla ta dawo 4 daidai. Amfilifaya ba ta san an ƙara mata komai ba, kowace ufa rubu'in wutar take ɗauka don haka ba ta wahala, amma faɗin takardar da ke tura iska ya ninka huɗu, kuma a ɓangaren kaurin sauti ana iya samun ƙarin har desibel 6 ba tare da an ƙara wat ko ɗaya ba. Ko ufa biyu a sarƙa, waɗanda ake raina wa don sun kai om 8 sun rage wat zuwa rabi, kaurin sautinsu kusan daidai yake da na guda ɗaya da ke cin wat ninki biyu. Sharaɗin dai shi ne sifikun su kasance iri ɗaya. In aka gwama mai 4 da mai 8 a tagwaye, jimilla biyu da sulusi biyu ce, kuma mai 4 ɗin za ta ci wuta ninki biyu na 'yar'uwarta, ita ce kuma za ta fara mutuwa. Shi kuwa mai tallan magani ko mai shelar taro, wanda magana yake son isarwa ba kiɗa ba, ya riga ya riƙe mafi arahar mafita a kan rufin motarsa. Lasifika mai bakin kakaki takan ba da sama da desibel 100 da wat ɗaya tak a nisan mita guda, inda sifikar ƙofar mota ke ba da wajen 90. Gibin 10 ɗin nan na nufin wat 20 a kakaki na yin aikin wat 200 a ɗayar.

Sai dai lasifikar kakaki tana da nata dokokin, kuma a nan ne daidaita om ɗin sifika da na amfilifaya ya zama dole. Amfilifayar mota ta yau da kullum ba ta buƙatar om ɗin sifika ya yi daidai da wata lamba, abin da take roƙo kawai kada a sauka ƙasa da iyakarta. Amma amfilifayar shela, irin ta kamfanin Ahuja na Indiya da aka sani a masallatai da makarantun Islamiyya, wadda da yawa daga cikinta ke aiki da batir in babu wutar KEDCO, tana da taransifoma a mafitarta, shi ya sa ake ganin jerin ƙusoshi a bayanta an rubuta 4, 8, 16, sannan 70 da 100 na bolt. Kowace ƙusa an yi ta ne don jimillar om da ta dace da ita. Da yawa daga kawunan lasifikar kakaki om 16 ne, don haka guda ɗaya ta tafi ƙusar 16, biyu a tagwaye su tafi ta 8, huɗu su tafi ta 4. Wanda ya rataya huɗu a ƙusar 16 ya ɗora wa na'urar kaya ninki huɗu na abin da take tsammani. Ƙusar bolt 100 kuwa ta lasifikun da kowace ke da ƙaramar taransifomarta ce, tsarin da ya dace da doguwar waya kamar daga liman zuwa kan hasumiya, kuma a can ba om ake lissafawa ba, wat ɗin lasifikun ake tarawa a tabbatar bai wuce na amfilifaya ba. Ɗaura lasifika tsirara a wannan ƙusa hanya ce ta ƙona ta ko amfilifayar, wani lokaci duka biyun. Haka nan kakaki ba a yi shi don kaurin ganga ba. In an jona shi kai tsaye da amfilifayar mota ba tare da kwandensa da za ta tare kaurin ba, 'yar fatar da ke cikin kansa ba ta daɗewa.

Maganar jabu fa? Akwai shi, ba mai musu, kuma kayan da ke isowa shagunan Gumel daga kasuwar Sabon Gari ta Kano sun haɗa da nagari da na banza kamar kowace haja. Amma jabun ma lissafi ne ke tona shi. A duba fis ɗin da ke jikin amfilifayar da aka yi wa ado da wat 3000. In na amfiya 30 ne, a ninka 30 da bolt 14 da ɗoriya, za a ga duk wutar da za ta iya ci gaba da ja ba ta wuce wat 430 ba, kuma ba dukkansa ne ke isa sifika ba. Sauran lambar kallon kitse ne ake yi wa rogo. To in na'urar da ke hannunka raunanniya ce tun daga masana'anta, wannan ai ƙarin dalili ne na kada a saukar mata da om, tunda jakin da ya rame ba shi ake yi wa lodin buhu uku ba. Hujjar jabu, in an bi ta zuwa ƙarshe, goyon bayan lissafi take yi.

Wani kuma zai ce shekara guda ke nan motarsa na kan haɗin da ya sauka ƙasa da iyakar amfilifaya kuma ba abin da ya faru. Ana iya yarda da shi, domin kiɗa ba ya tsayawa a ƙololuwa, hawa da sauka yake yi, kuma matsakaicin ƙarfin da ke fita yakan zama ɗan ƙaramin kaso na abin da aka rubuta. Wanda ba ya murɗa sauti sosai na iya shekaru a ƙasa da iyaka. Ranar da za a gane ita ce ranar rakiyar amarya ko gangamin jam'iyya, mota na tafiyar hawainiya cikin rana, iska ba ta shiga, an ƙure murya sa'o'i uku. Amfilifaya mai kirki za ta kunna jar fitila ta ɗauke kanta, ta huce, ta dawo. Wannan ɗaukewa gargaɗi ne, amma sau da yawa sai a ɗauke ta a matsayin cuta, a nemi wanda zai kashe ta, ko a cire fis ɗin da ke yawan yankewa a naɗa waya a gurbinsa. Daga nan ba amfilifaya kaɗai ke cikin hatsari ba, motar ce dukanta, don wayar da ta taso daga batir ba tare da fis ba tana iya kama wuta in ta taɓa ƙarfe. Kada kuma a ɗauka cewa hawa sama da om ba shi da nasa tarkon. Ga amfilifayar mota om 8 ba ya cutarwa, sanyi ma take samu. Matsalar tana ga ɗan Adam: sautin ya ɗan ragu, sai a ƙure maɓallin da ke gefenta don a cike gibin, ita kuma bolt ɗinta ya ƙare, sai ta riƙa yanke kawunan igiyar sauti. Muryar da ke fita ta zama mai kaushi da tsatsa, kuma wannan kaushi ne ke gasa kwayil ɗin ƙananan sifikun da ke fitar da siririn sauti. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Maɓallin nan ba na ƙara ƙarfi ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyon da ke ba ta murya ne, kuma da zarar kunne ya ji tsatsa an wuce wurin tsayawa.

Hujja ta ƙarshe da ake kawowa ita ce mafi rauni, ko da yake ita aka fi faɗa da murya ƙasa-ƙasa: wai masu wayarin namu a bakin aiki suka koya, ba su yi karatun da za su riƙa wannan lissafi ba. Wannan raini ne da bai dace da yankin ba. Garin da yara ke juya naira zuwa sefa da ka a bakin iyaka, dillali ke raba la'adar shanu goma tsakanin mutum uku ba tare da alƙalami ba, ba za a ce raba 4 gida biyu ya gagare shi ba. Duk abin da ake buƙata bai wuce ƙa'ida uku ba: a sarƙa a tara, a tagwaye masu lamba ɗaya a raba da yawansu, in biyu ne masu lamba daban a ninka su a raba da jimillarsu. Abin da ya hana shi ne ciniki. Mai mota yana tsaye yana so ya ji sauti ya ƙaru kafin ya biya, haɗin tagwaye kuwa shi ne ke ba da wannan nan take, kuma in na'ura ta ƙone bayan wata uku ba mai tuna ranar da aka murɗa wayar. Saboda haka nauyin ya fi karkata ga mai motar, shi ne zai ce a auna a gabansa. Awon ma ba ya cin minti biyu. A kashe komai, a kwance wayoyi biyun da ke shiga layin amfilifaya, a sa mita a kan ma'aunin om mafi ƙanƙanta, a fara haɗa bakunanta biyu da juna don a ga abin da wayoyin mitar kansu ke ci a cire shi daga lissafi, sannan a ɗora su a kan wayoyin sifikun yadda suke a haɗe. In ta nuna uku da ɗoriya, kayan om 4 ne. In ta nuna tsakanin ɗaya da rabi da biyu, om 2 ne, sai a koma ga takardar na'urar a ga ko ta yarda, a kuma tuna cewa a kan gada rabin wannan kowane layi zai gani. In ta nuna ƙasa da ɗaya, kada a mayar da wayar sai an sake haɗin.